Wane yare ƙananan na'urorinmu suke ji? Amsa ga saurayin da ya kira daga Tasawa

A shirinmu na matasa da sana'a na satin da ya wuce, wani saurayi ya bugo waya daga Tasawa. Gyaran rediyo da salula yake yi a bakin kasuwa. Ya ce ya tara ƴan kuɗinsa, yana so ya koyi rubuta wa na'ura umarni, don burinsa shi ne ya riƙa haɗa akwatin da zai tada famfon foraj da kansa, in shato ya cika ya kashe. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, wani abokinsa ya ce ya koyi Python, wai shi duniya ke yayi yanzu. Wani dattijo kuma da ya daɗe a aikin lantarki ya ce ya bar wannan, ya nemi C. Lokaci ya ƙure mana kafin a ba shi amsa mai gamsarwa, ni kuma tambayar ba ta bar ni ba. Kuɗin da yaro ya yi wata da watanni yana tarawa ba abin wasa ba ne. Shi ya sa na kawo maganar nan, inda agogon shiri ba zai katse ni ba.

Su duka biyun sun faɗi gaskiya. Sai dai ba kasuwa ɗaya suke magana a kai ba.

Mu fara da abin da ake rubuta wa umarnin. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin konter ɗin wuta na kati, ko akwatin da ke daidaita cajin batirin pano, ko rimot ɗin talabijin, ko sikelin lantarki na mai nama, ya ga wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa, wani ma bai fi farcen yatsa ba. Sunansa a littafi mikrokontrola. Mu ce masa ƴar ƙwaƙwalwa, ya fi sauƙi a baki. Kwamfuta ce cikakkiya a ƙwaya ɗaya: tana da wurin lissafi, tana da wurin ajiye umarni, tana da wurin aiki, sannan da ƙafafun nan take jin abin da ke faruwa a waje, zafi ne, tsayin ruwa ne, ƙarfin wuta ne, da su kuma take kunna abu ko ta kashe. Ba ta da allo, ba ta san Facebook ba. Aiki ɗaya aka koya mata, shi za ta yi ta yi dare da rana har ta mutu. Motar zamani guda ɗaya tana ɗauke da irinta gommai. Waɗanda ake ƙerawa a shekara ɗaya kaɗai sun ninka yawan mutanen duniya.

To, nan ne maganar take. Ƴar ƙwaƙwalwar nan talaka ce.

Mu ɗauki wadda ɗalibai suka fi sani, wadda ke kan allon Arduino Uno, sunanta ATmega328P. Tana da rumbu, inda ake ajiye umarnin ko da wuta ta ɗauke, girmansa kilobait 32. Hoto ɗaya da kuka ɗauka da salula ya ninka wannan rumbun sau da dama. Tana kuma da faifai, wato wurin da take baza abin da take aiki a kansa a daidai wannan lokacin, girmansa kilobait 2. Kilobait 2 harafi 2,048 ke nan. Saƙon SMS ɗaya harafi 160 yake ɗauka, kun ga faifan nan gaba ɗaya bai kai saƙo 13 ba. Ƴar salular Android mai arha da ke aljihunku, in tana da gigabait 2, faifanta ya ninka na Uno sau miliyan ɗaya. Ban yi kuskuren lissafi ba, sau miliyan.

Wanda zai yi aiki a irin wannan ƙuncin dole ya auna kowace kalma.

Yanzu mu koma kan abokin da ya ce Python ake yayi. Bai yi ƙarya ba. Akwai wani kamfani a ƙasar Holan mai suna TIOBE da ke fitar da jerin yarukan kwamfuta kowane wata, kuma tun ƙarshen 2021 Python ya hau matsayi na ɗaya. Amma ku tambayi yadda ake ƙidayar. Ana duba yawan shafukan da ke maganar yaren ne a intanet. Wato ana auna wanda aka fi yi wa zance. Python kuwa dole a yi masa zance: da shi ake koyarwa a makarantu, da shi masu bincike ke tace bayanai, da shi ake yawancin aikin basirar na'ura da ke tashe yanzu. Duk waɗannan a kan manyan kwamfutoci ake yinsu, inda wuri ba matsala ba ne. In kuma aka je aka tambayi injiniyoyin da ke rubuta abin da ke cikin konter da firigo da mota, shekara da shekaru amsar ba ta canza ba: C ne a gaba, C++ yana biye, sauran suna can baya. Kamar ka tambayi abin hawan da aka fi talla a talabijin, a ce maka mota ce mai tsada, sannan ka je gulbi ka ga da me ake kwaso albasa da tumatir.

C ba yaro ba ne. Dennis Ritchie ya ƙirƙiro shi a wajen 1972 a ɗakunan binciken Bell a Amurka, ya haura shekara hamsin ke nan. A harkar kwamfuta, inda salular bara ake ce wa tsohuwa, wannan shekarun kaka ne. Me ya hana shi mutuwa?

Na farko, yadda ake kai maganarsa ga na'ura. Ƴar ƙwaƙwalwa ba ta jin C, ba ta jin Python, lamba kawai take ji, sifili da ɗaya. Dole a fassara mata. Hanyar C ita ce, ka rubuta wasiƙarka a kan babbar kwamfuta, wata manhaja ta fassara ta gaba ɗaya zuwa lambobin na'ura, sannan a zuba fassarar kaɗai cikin rumbu. Mai fassarar ya gama aikinsa, ya tsaya gida. Hanyar Python kuwa tafinta ake tafiya da shi. Yana zaune cikin na'urar, yana karanta umarnin yana faɗa mata abin da za ta yi a lokacin da aikin ke gudana. Tafinta yana da daɗin sha'ani, don ko ka canza magana nan take zai juya ta. Amma yana son wurin zama, yana son abinci, kuma magana ta bakinsa ta fi jinkiri. A ɗakin da bai kai saƙo 13 ba, ina za a shimfiɗa masa tabarma?

Na biyu, kuɗi. Wanda ke haɗa akwati ɗaya don garkarsa bai damu ba in ƴar ƙwaƙwalwar ta ƙara tsada kaɗan. Kamfanin da zai ƙera konter miliyan ɗaya fa? In bambancin ƙarama da babba dala goma ne kacal, wato sefa 50, to miliyan 50 ke nan ya tafi. Zai gwammace ya biya injiniya ya matse umarnin cikin C ya shiga ƙaramar. Haka batun wuta yake. Na'urar da za a binne a gona ta riƙa auna laimar ƙasa da ɗan batir, so ake ta farka, ta auna, ta aika, ta koma barci cikin ƙiftawar ido. Duk daƙiƙar da ta ƙara a farke, batir ne ke ƙarewa.

Na uku shi ne wanda ni na fi ganin nauyinsa: lokaci. Akwai aikin da in amsa ta makara, daidai take da amsar da ba daidai ba. Jakar iskar da ke buɗewa in mota ta yi karo, ko na'urar da ke juya wutar batir zuwa wutar gida, wadda ke kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Python yana da wani mai shara a cikinsa, wanda lokaci zuwa lokaci yake tsayar da aiki ya share faifan daga abin da ba a buƙata. A kan babbar kwamfuta ba wanda ke lura. A cikin birkin mota kuwa ba a son mai sharar da zai shigo lokacin da ya ga dama. A C babu shi. Kai ne mai sharar, kai ka san lokacin da ka ɗauka da lokacin da ka ajiye.

Sai kuma sabo. Duk kamfanin da ya fitar da sabuwar ƴar ƙwaƙwalwa, ko Microchip mai PIC ne, ko STMicroelectronics mai STM32, ko Espressif na Shanghai, da misalan C yake rako ta. Masu ƙera motoci a Ingila har ƙa'idoji suka rubuta a 1998, ana ce musu MISRA C, na abin da aka yarda a rubuta da abin da aka hana. Umarnin da aka gwada shekara ashirin yana aiki, ba mai son ya zubar ya sake daga farko. Akwai ma yaren da ya fi C kusa da ƙarfen, ana ce masa Asambili, amma yau sai a ƴan lungunan da ba yadda za a yi ake taɓa shi.

Wani abu da zai ba wasu matasanmu dariya: da yawa suna rubuta C++ ba su sani ba. Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005 don ɗaliban zane da ba su san lantarki ba, abin da ake ce wa yarensa C++ ne aka sa wa riga mai sauƙi. C++ ɗin kuma ƙanen C ne, wani ɗan ƙasar Denmak, Bjarne Stroustrup, ya gina shi a kansa. Kashi biyu kawai ake nema daga gare ka: abin da na'ura za ta yi sau ɗaya in an kunna ta, da abin da za ta yi ta maimaitawa. Duba ruwa, in ya kai baki kashe famfo, in ya sauka kunna, sake dubawa. Duk wanda ya kunna ƴar fitila da Arduino ya riga ya sa ƙafa a gidan C. Masu tsoron Ingilishi kuma su kwantar da hankali. Asalin kalmomin C guda 32 ne, irin su if, wato idan, da while, wato muddin. Wanda ya haddace sunayen kayan gyaran moto ba za su gagare shi ba.

Kar kuma a ɗauka Python ba shi da gurbi. A 2013 wani masanin kimiyya ɗan Ostireliya, Damien George, ya nemi tallafin jama'a ta intanet ya rage wa tafintan nan jiki har ya shiga ƴar ƙwaƙwalwa. Ya sa masa suna MicroPython. Ko da aka rage shi, yana neman rumbu mai kusan kilobait 256 da faifai mai kilobait 16, kun ga Uno ba ta isa ba. Amma na'urorin ma sun girma, sun yi arha. ESP32, wadda ta fito a 2016, tana da faifai mai kilobait 520, ga Wi-Fi ga Bluetooth a jikinta. Raspberry Pi Pico ta fito a watan Janairun 2021 da kilobait 264, a kan dalar Amurka 4, bai kai jika uku ba a can inda ake sayar da ita, kafin kuɗin hanya da ribar ɗan kasuwa. A kan waɗannan MicroPython yana tafiya lafiya lau. Daɗinsa shi ne ka rubuta layi ɗaya, ka danna, fitila ta kama a gabanka. In ka yi kuskure ya faɗa maka layin da ka yi shi. Don koyo, da gwada tunani kafin a kashe kuɗi, da aikin da ba ruwansa da gaggawa, kamar auna zafin ɗakin ƙyanƙyasar ƙwai kowane minti ɗaya, ya wadatar.

Yanzu ga ɓangaren da dattijon nan bai faɗa wa saurayinmu ba. C wuƙa ce marar kube. Yana yarda da kai ɗari bisa ɗari. In ka tanadi wurin abu goma ka zuba na sha ɗaya, ba zai ce maka komi ba, zai zuba shi kan abin maƙwabci, na'urar ta haukace bayan kwana uku ka rasa dalili. A kan Uno, lambar da aka fi amfani da ita iyakarta 32,767. Ƙara ɗaya a kai, sai ta faɗo ƙasa da sifili. Ka yi tunanin kana ƙidayar litar ruwan da famfo ya ɗaga.

Akwai wani tarko da nake so duk mai haɗa akwatin famfo ya rubuta a bango. Arduino tana da agogon ciki da ke ƙidayar lokaci tun daga sa'ar da aka kunna ta, tana raba kowace daƙiƙa gida dubu. Ƙidayar tana da iyaka, 4,294,967,295. In ta kai nan sai ta koma sifili, kuma hakan yana faruwa bayan kwana 49 da awa 17. Wanda bai rubuta lissafinsa da wannan a rai ba, akwatinsa zai yi aiki sumul a shago, ya yi aiki sumul a garka sati bakwai, an biya shi, an sa masa albarka, sannan wata rana famfo ya ƙi tsayawa ko ya ƙi tashi. Kafin a gane, ko injin ya ƙone ko shuka ta bushe. Kar ku ce wannan kuskuren ƴan koyo ne kaɗai. A 2015 hukumar jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke kula da wutar jirgin Boeing 787, in suka yi kwana 248 a kunne ba a kashe ba, ƙidayarsu za ta cika, wutar jirgin na iya ɗaukewa gaba ɗaya. Kafin a gyara umarnin, maganin da aka ba da shi ne a riƙa kashewa ana kunnawa.

Irin waɗannan ramukan ne suka sa ake ta maganar wani sabon yare, Rust, wanda cikakken fitowarsa na farko ya zo a 2015. Shi ma fassara shi ake yi tun a gida kamar C, ba tafinta, ba mai shara, saurinsu kusan ɗaya. Bambancin shi ne mai fassararsa mai tsanani ne. In ya ga ka bar ƙofar da za a zuba abu kan na maƙwabci, ko za a taɓa abin da aka riga aka zubar, ko ya ƙi fassarawa sai ka gyara, ko ya sa mai gadi a wurin. Kamfanin Microsoft ya faɗa a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ramukan tsaron da yake toshewa daga irin wannan kuskuren wurin ajiya suke fitowa. A ƙarshen 2022 an buɗe wa Rust ƙofa cikin zuciyar Linux, a Fabrairun 2024 kuma fadar shugaban Amurka ta fitar da takarda tana kiran masu rubuta manhaja su koma ga yarukan da ke da irin wannan kariya. Duk da haka a cikin ƙananan na'urori rabonsa kaɗan ne har yanzu. Koyonsa da wuya, masu koyar da shi ba su da yawa, kamfanonin kuma da C suke aiko kayansu. Ni dai ba zan ce wa mai farawa ya soma da shi ba. Kuma ba yaren da ke maganin sakaci. Rokar Turai Ariane 5 da ta tarwatse ranar 4 ga Yunin 1996, ko minti ɗaya ba ta yi a sama ba, da Ada aka rubuta umarninta, yaren da aka gina musamman don tsaro. Wata lamba ce ta fi ƙarfin wurin da aka tanadar mata.

Wani zai ce, mu da ba mu ƙera ko ɗaya, ina ruwanmu? Ruwanmu kuwa. Ku tambayi masu gyara a Maraɗi ko Damagaram. In ƴar ƙwaƙwalwar da ke kan allon wata na'ura ta ƙone, ko ka samo sabuwa mai lamba iri ɗaya ka liƙa, ba za ta motsa ba, don fanko ce, umarnin ba ya ciki. Ba kuma za ka iya kwafo shi daga wata mai lafiya ba, galibi kamfanin ya kulle. Sai a sayi allo sukutum, ko a jefar da na'urar. Hannun mai gyaranmu yana tsayawa daidai inda umarni ya fara. Wanda ya iya rubutawa kuwa, a na'urori masu sauƙin aiki irin na famfo, da injin ƙyanƙyasa, da fitilar titi mai pano, yana iya cire matacciyar ya sa tasa, da umarnin da ya dace da zafinmu da ƙurarmu da yadda wuta ke zuwa tana tafiya. Kuma an yi a ƙasar nan. Abdou Maman Kané, ɗan Nijar, ya haɗa tsarin ban ruwa da manomi ke kunnawa ya kashe daga nesa da salularsa, wanda ya ba shi kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hasan na Biyu na Maroko a 2015. Ga garake a Jiratawa, ga na albasa a Galmi, ga foraj a kusan kowane gari. Aikin yana nan yana jiran hannu.

To ɗan'uwa na Tasawa, ga abin da zan ce maka. Tunda famfo ne burinka, dattijo ya fi kusa da gaskiyarka. Kar ka zuba kuɗinka duka a hannun mai koyar da Python na kan allo, wanda za ka gama ba ka taɓa waya ko ɗaya ba. Kafin ka biya kowa, tambaye shi ko akwai allon gwaji a ajin, ko za ka kunna abu da hannunka. Nemi Uno ɗaya ko irinta, da ƴan fitilu, da abin auna tsayin ruwa, da rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sa shi ya kunna babba. Manhajar rubutun Arduino kyauta ce, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta, kuma in an sauke ta sau ɗaya ba ta neman intanet. Ƙuncin Uno ɗin nan shi zai koya maka tattali. In hannunka ya faɗa, ka koma ESP32, a kanta kana iya rubuta C++ yau, gobe ka zuba MicroPython ka gwada, ka ga bambancin da idonka. Kana da abin da ɗalibin jami'a da yawa ba su da shi, ka iya riƙe ƙarfen liƙi, ka san warin abin da ya ƙone.

Akwatinka na farko kuma kar ka sayar wa kowa. Ka haɗa shi da durom da ƙaramin famfo a gida, ka sa masa makunnin hannu da zai kashe injin ko da ƴar ƙwaƙwalwar ta rikice, ka bar shi a kunne ya wuce kwana hamsin. In ya kai, ka sake bugo mana ranar shiri ka faɗa wa masu saurare yadda aka ƙare.